Ka Sa Itace a Ciki

Ku 'ya'yana, akwai wata magana da kuka taso kuna ji a bakina tun kuna 'yan firamare, cewa Dogara masinja ya cuce ni gona a bayan Gidan Waya. Na faɗe ta a zaure, na faɗe ta a kan tabarmar cin tuwo, na yi ta faɗinta har kai Sanusi ka taɓa ƙin gaida matarsa a kasuwa, kana ganin ka rama wa ubanka. To ku buɗe kunnuwanku da kyau: ƙarya ce. Dogara bai cuce ni ko taku ɗaya na ƙasa ba. Ni na cuci kaina, kuma ba jahilci kaɗai ya ja mini ba, ƙyashi ne tsagwaronsa. Na daɗe ina neman wani suna mai daɗin ji da zan laƙaba wa abin, na ce taka-tsantsan ne, na ce kare mutunci ne. Yanzu da gwiwa ta ƙi tashi, ido ya fara yana, ba ni da sauran lokacin yi wa kaina kwalliya.

Ni da Dogara a ofis ɗaya muka tsufa, a nan Kafanchan. Ni akawu ne, mai tebur da hatimi da makullin kabad ɗin fayil. Shi masinja ne, mai benci a bakin ƙofa da tsohon keke. Na fi shi albashi nesa ba kusa ba, na fi shi karatu, ina zaune a kwatas na gwamnati mai ɗaki uku da famfo a tsakar gida, inda aka haifi yawancinku. Shi ɗaki ɗaya yake haya a gari, ran Juma'a da yamma ya hau kekensa ya tafi ƙauyensu wurin iyalinsa, ran Litinin da sassafe ya dawo da jar ƙasa a ƙafar wando. Muna shiri, irin shirin babba da ƙarami. Yana ce mini Oga Akawu, ni ina ce masa Dogara kawai, ko da yake ya girme ni da shekara biyu. In azumi ya zo ba ya cin gyaɗarsa a gabana, in Kirsimeti ta zo yakan kawo mana zakara da ransa don mu yanka da hannunmu. Muddin ina sama yana ƙasa, ban taɓa ganin laifin mutumin nan ba.

Akwai wata al'ada tasa da ta zama abin dariyarmu a ofis. Duk ƙarshen wata, da an biya albashi, kafin ya sayi gishiri ko kananzir, sai ya wuce wurin 'yan aikin gona ya sayi dashen lemo, biyu ko uku, wani watan ɗaya tak. Ya ɗaure su a bayan keke cikin baƙar leda, ganye na kaɗawa, ya jingine keken a jikin tagata. Ni na raɗa masa suna Manajan Bankin Ganye, sunan ya bi shi har wurin direbobi. Bai taɓa jin haushi ba.

"Oga Akawu, ka yi dariya," in ji shi. "Ma'aikata na ke nan. Ba su zuwa yajin aiki, ba su neman lif na hutu, ba su ritaya."

"To ranar da ka ajiye aiki sai ka riƙa dafa ganyen kana sha," na ce da shi.

Ni nawa tanadin kalma ɗaya ce, garatuti, wato dunƙulen kuɗin sallama da ake ba ma'aikaci ranar da ya ajiye aiki. Na riƙe kalmar nan kamar laya. A cikin kaina na riga na gina gida mai ɗaki huɗu da shago a gaba, na yi masa fenti, har na zaɓi inda zan riƙa shimfiɗa buzuna da hantsi. Fansho kuma ya riƙa zuwa duk wata yana cika tukunya. Saboda haka albashina ban ga dalilin matse shi ba. Shadda ce, takalmi ne, rediyo mai kaset ne, ragon layya wanda ya fi na maƙwabci. Mahaifiyarku Binta, Allah ya jiƙanta, takan ce mini, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan nan fa ba namu ba ne." Ni kuma in ce mata mace ba ta san aikin gwamnati ba. Gidanmu na gado da ke bayan kasuwa kun san shi, mu goma sha wani abu ne a kansa, rabona ɗaki ɗaya ne da rabin rumfa. Na san da haka sarai, amma garatuti ya rufe mini ido.

A shekarar 1987 abubuwa suka juya. Ita ce shekarar da gari ya ɗauki zafi da rikicin addini, ba kuma wannan labarin zan ba ku ba, kowa ya san abin da ya gani. Abin da ya shafe mu shi ne, ranar da abin ya tashi, Rifkatu matar Dogara ta shigo gari sayar da doya da goyonta, hanya ta rufe mata. Mahaifiyarku ce ta hango ta tana gudu ba ɗankwali, ta jawo ta cikin kwatas, ta yafa mata mayafinta, ta ajiye ta a ƙuryar ɗaki kwana biyu har ƙura ta lafa. Ku rubuta wannan a inda ba zai goge ba: aikin Binta ne. Ni iyakacin abin da na yi shi ne ban hana ba, kuma ko hakan ma sai da na yi ta leƙen taga ina gunaguni.

Bayan wannan da 'yan makonni Dogara ya shigo ofis a kan babur. Sabo fil, ja, da ledarsa a kan kujera. Lemonsa na farko sun daɗe da fara 'ya'ya, ashe ya sayar da na kakar da ta wuce ga masu lodi a manyan motoci, ya haɗa da kuɗin citta. Duk ofis aka fito ana shafa babur ana sa albarka. Ni ma na fito na ce Allah ya tsare. Ni da ke sa hannu a takardar albashinsa, na san abin da yake ɗauka har sisin kwabo, ga shi ya hau abin da ban isa in hau ba. Wannan bai kashe ni ba. Abin da ya kashe ni ya zo ranar Laraba ta gaba. Shugaban ofis ɗinmu, wanda shi ma ritaya ta fara leƙo shi, ya buga ƙararrawa. Dogara ya shiga kamar kullum don ɗaukar fayil, sai na ji an ce masa ya zauna. Akwai wata kujera mai laushi a gaban teburin shugaba, ta baƙi. Shekara ashirin da wani abu ina shiga ofishin nan, a tsaye nake magana in fita. Ta ƙofar da ba a rufe ba na ga masinja zaune a kujerar nan, hularsa a gwiwa, shugaba na rubuta abin da yake faɗa game da tazarar rami da lokacin dashe. Na koma teburina na buga hatimi a takardar da ba ta bukatar hatimi. Tun daga ranar nan komai na Dogara ya koma ba ni haushi, tafiyarsa, dariyarsa, har yadda yake ce mini Oga, sai na riƙa jin kamar da gatse yake faɗa.

A cikin wannan hali ne ya same ni wata Juma'a ya ce Babansa na son ganina. Na so in ƙi, mahaifiyarku ta ce ba a ƙin kiran tsoho. Ran Asabar ya ɗauke ni a bayan babur ɗin nan da na tsana, muka wuce Gidan Waya, muka saki titi muka bi 'yar hanya. An yi ruwan farko da daddare, ƙasa ta yi laushi. Muka shiga gonar lemonsa. Layi-layi, kore shar, wasu sun fi ni tsawo sau biyu, wasu iya gwiwa, kowane wata na shekarun da na yi ina dariya yana tsaye a gabana da ganyensa. Yana nuna mini yana murna, wannan na watan da aka haifi 'yarsa Ladi ne, wancan na shekarar da aka ƙara albashi ne. Ni kuwa ina cewa madalla, madalla, da fatar baki.

Muka sami tsohon a gindin ɗorawa a bakin rafi, da wasu dattawa biyu, da Ayuba ƙanen Dogara. Rifkatu ta kawo mini mangwaro a kwano, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Maman Sanusi. Tsohon ya yi godiya mai tsawo a kan abin da gidana ya yi wa surukarsa da jikansa. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna wani fili, daga rafin har zuwa wani baƙin dutse, fili mai kyau, kwance, wanda ruwa ba ya yanke masa.

"Gonan nan, ka riƙe," in ji shi. "Ka sa itace a ciki."

Dattawan nan biyu suka gyaɗa kai. Ayuba ya sunkuyar da nasa. Dogara ya dube ni, bakinsa har kunne.

A nan ne ilimina ya kashe ni, domin rabin sani ya fi rashin sani haɗari. Na taso a kasuwa, na san ana ba baƙo aron gona, na kuma san ƙa'idar aro: ka shuka masara, ka shuka gyaɗa, ka girbe ka tafi, amma ba ka dasa itace, in kuwa ka dasa to mai gona ka dasa wa. Nan take lissafi ya haɗu a kaina. Wato so suke in zuba albashina in cika musu fili da lemo, in ya fara 'ya'ya su ce aro ya ƙare. Har na ji wani sanyi a raina, don na samu abin da nake nema tun ranar kujera, na samu laifin Dogara.

"Ina takarda?" na ce.

Tsohon ya dubi ɗansa, bai gane ba. Dogara ya yi dariya.

"Oga Akawu, wane takarda kuma? Takarda wuta na ci, ruwa na ci. Itace kowa na gani. Baba ya ce ka sa itace, ai magana ya ƙare."

Lokacin na gama shan mangwaron da ke hannuna. Na tashi na taka cikin filin, na yar da ƙwallon a ƙasa, na sa dunduniyar takalmina na murza shi cikin laka da duk haushin da ke cikina har ya nutse.

"To ga itacen nan na sa," na ce. "Sai a kai ni gida."

Dattawan suka kwashe da dariya, ɗaya har da tafi, tsohon ya ce Ubangiji ya sa albarka. Na ɗauka dariyar raini ce, sun ga akawu ya faɗa tarko. Har muka iso Kafanchan Dogara yana ta surutu cikin iska a kan irin lemon da ya kamata in fara da shi.

Da na ba mahaifiyarku labari, sai ta ce, "Malam, ka tambaya mana. Kowane gari da yadda ake yanka akuyarsa. Mutanen da suka durƙusa suka gode maka ba su ne za su haƙa maka rami ba." Na ce mata ni akawu ne, ba a koya mini ma'anar magana. Gaskiyar ita ce ba na son in tambaya. Ina tsoron a ce mini alheri ne, domin in alheri ne, to masinja ya ba akawu abin da akawu ba zai iya ba masinja ba, kuma wannan ba zan iya haɗiye shi ba. Na gwammace a ce an so a cuce ni.

Sai na kai maganar majalisarmu ta shagon tela a bakin kasuwa. Shekarar ba ta da kyau, zukata ba su gama hucewa ba, ba a rasa masu cewa ai dama mun faɗa maka. Da farko cewa nake Dogara ya so ya cuce ni. Da maganar ta sha hannu, "so" ɗin ya faɗi a hanya, ta koma Dogara ya cuce ni. Ban ɗauko shi na mayar ba. A ofis na daina amsa masa wasa. Sau uku yana kawo dashe ya ajiye a bakin teburina, ya ce na gonata ne, sau uku ina barinsu a nan har su bushe mai shara ya kwashe. Daga baya ya daina kawowa, amma bai daina gaishe ni ba, kuma zakaran Kirsimeti bai fasa zuwa ba. Kun ci namansa, ni ma na ci.

Wata ɗaya muka ajiye aiki ni da shi, bayan shekara shida. A tsakanin nan kuɗi sun zube, abin da kake saye da takarda ɗaya ya koma sai ka ƙirga biyar. Da garatutin ya fito, bayan na sha zirga-zirgar Kaduna har takalmina ya huje, gidan nan mai ɗaki huɗu da shago ya tsuke ya koma abin da ko harsashi da rufi ba zai yi ba. Hankali ya ce in sayi fili ko ƙarami ne. Ƙyashi ya ce Dogara na da babur, kai sai mota. Na sayi tsohuwar bas, na sa aka rubuta mata "Hassada Ga Mai Rabo Taki" a baya, ku ji fa, ni da kaina na zaɓi rubutun, kuma Dogara nake nufi da mai hassadar. Ta yi jigilar 'yan kasuwar Gwantu wata takwas, rabi a hanya rabi a gareji. Ranar da na ce a gwada Kaduna ko za a fi samu, injinta ya buga a Mararaban Rido. A can na sayar da ita ga masu kayan gwangwan, na dawo gida a motar haya da jak ɗin ɗaga mota da madubi ɗaya a cikin leda.

Kwatas kuwa an ba mu wata uku mu tashi. Kun tuna ranar, ke Maryam kina rungume da rediyo a bayan akori-kura. Muka dawo ɗaki ɗaya da rabin rumfa a gidan gado, mu takwas, mahaifiyarku ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida, matar akawu. Ba ta taɓa ce mini "na faɗa maka" ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Fansho ya zama baƙon da ba a san ranar zuwansa ba, wata uku shiru, wata biyar shiru, sai a ce a zo tantancewa a tabbatar ba mu mutu ba. A layin tantancewar nan na haɗu da Dogara, ya yi ƙiba, rigarsa sabuwa. Shi zuwansa layin na cika ƙa'ida ne, ni nawa na tukunyar gobe ne. Ya ratso mutane ya kama hannuna.

"Oga Akawu, gonan ka na nan fa. Yana jiran ka."

Na zare hannuna na ce masa ya je ya yi wa wani ba'a. A raina na ce, ya ga na faɗi, ya zo ya taka.

Bayan damina ɗaya muka ji tsohon ya rasu. Ban je gaisuwa ba. Wata ranar kasuwa ina zaune a shagon tela, majalisa ta cika, sai ga Ayuba ƙanen Dogara da wani dattijo, ɗaya daga cikin biyun nan na gindin ɗorawa. Suka yi gaisuwa cikin ladabi. Ayuba ya ce tambaya ɗaya ta kawo su.

"Malam Isa, gonan da Baba ya nuna maka. Ka sa itace a ciki, ko ba ka sa ba?"

Duk majalisa aka zuba mini ido, mutanen da na shekara bakwai ina gaya wa an cuce ni. Na ɗauka wani sabon tarkon ne, ko za su ce in biya kuɗin wani abu. Kuma ko ba tarko ba ne, bakina ya riga ya yi nisa, ba ya jin kira.

"Ban sa komai ba," na ce da ƙarfi, don na ƙarshen benci ya ji. "Ba ni da gona a garinku, ban taɓa yi ba, ba na so. Ku riƙe tsiyarku."

Ayuba ya juya ga dattijon ya ce, "Ka ji ko?" Dattijon ya dube ni ya daɗe, ya ce ya ji. Suka yi godiya suka tafi. 'Yan majalisa suka ce na yi musu daidai, har aka saya mini shayi.

Kwana huɗu bayan haka Dogara ya zo gidan gado. Bai shigo ba, bai ma kashe babur ɗin da wuri ba. Na fito na same shi kusa da kaskon ƙosan mahaifiyarku. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma ranar bai ce mini Oga ba.

"Isa, me na yi maka?"

Na ce ya fi ni sani.

"Shekara bakwai ina faɗa da 'yan'uwa na saboda kai. A wurin mu, in an ba mutum aro, ana ce mishi kar ka sa itace. In mai gona da bakin shi ya ce ka sa itace, a gaban dattawa, ba aro ba ne. Ya ba ka ke nan, kai da yaran ka da yaran yaran ka. Ko ni ban isa in karɓa ba. Ka sa da ƙafan ka, dattawa sun gani, sun yi murna. Mangwaron ya fito, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Duk shekara Ayuba na cewa baƙon ka bai zo ba, a raba, ina cewa itacen shi na tsaye. Da Baba ya mutu suka ce a je a tambaye ka. Na ce su je, na san Oga na fushi da ni amma ba zai yi ƙarya ba."

Ya goge fuska da hularsa.

"Da bakin ka ka mayar. Yanzu Ayuba ya sa citta a wurin."

Mahaifiyarku ta bar ƙosai yana ƙonewa a mai, ta rufe fuska da gefen zane. Ni kuwa, ga inda nake so ku san ubanku da kyau. Na gane gaskiya yake faɗa tun kafin ya rufe baki. Na ga filin nan daga rafi zuwa baƙin dutse, na ga lemon da da yanzu sun shekara bakwai, na ga ɗakin da ba za mu kwana mu takwas a ciki ba. Kalma biyu ce ta rage mini a duniya, ka yafe. Na buɗe baki, sai idona ya sauka a kan babur ɗinsa, ya sake sabo, wannan karon shuɗi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To ai sai ka yi mini bayani tun farko." Ya dube ni, ya gaida mahaifiyarku, ya tayar da babur ya tafi. Baki shi ke yanka wuya, nawa sau biyu ya yanka a mako ɗaya.

Ban sake magana da shi ba. Shekara biyu bayan nan ciwo ya kwantar da shi, kafin in gama shawarar zuwa dubiya aka ce ya cika. Na je jana'izar, na tsaya can baya a wajen majami'a inda ba wanda zai gane ni, na dawo ban yi wa kowa ta'aziyya ba. Kuma ban gyara labarin a gida ba. Na bar ku da shi yadda kuka saba ji, saboda gyara shi na nufin in tsaya a gabanku in ce muku talaucin da kuke ciki ni na saya da hannuna.

Da bazara ta zagayo, wata safiya aka yi sallama. Rifkatu ce, cikin baƙaƙen kaya, da kwando a ka. Ta sauke a gaban mahaifiyarku, mangwaro ne manya, masu jan kumatu. Na ce mata mun gode amma ba ma bukatar sadaka. Ko kallona ba ta yi ba, da Binta take magana.

"Maman Sanusi, ba sadaka ba ne. Na itacen shi ne. Ayuba ya so ya sare, Baban Ladi ya ce a'a. Ya ce gona ka ɗauka da bakin mutumin, amma itace da ido na na ga ƙafan shi ya sa. Kafin ya tafi ya ce mini, duk shekara in ya yi 'ya'ya a kai wa mai shi."

Wannan shi ne kwandon da kuka taso kuna gani duk bazara, wanda nake ce muku na kunya ne, wai sun san sun ci amana suna wanke kansu. Kun sha, kun lashe hannu, kuna zagin mai aikowa a zuci, ni kuma ina zaune ina kallonku. Da ƙafar Rifkatu ta gaza, Ladi ta karɓa, yanzu ɗan Ladi ke kawowa a mota.

Ba zan ce muku na warke ba. Har yau in na ga an jibge lemo a bakin tasha sai wani abu ya motsa a ƙirjina, sai na yi istigfari. Abin da nake so ku yi guda biyu ne. Kai Sanusi ka shirya ka tafi ƙauyen nan tun tsohuwar tana da rai, ka durƙusa ka gaishe ta gaisuwar da ka hana ta a kasuwa, ka faɗa mata kalma biyun da na kasa faɗa wa mijinta. Sannan ka ce a kai ka bakin rafi, ka ga itacen. Ni ban taɓa ganinsa ba. An ce mutum uku ba sa iya rungume gindinsa.

Shekara talatin na yi ina buga hatimi, na fi kowa a ofis sanin dokar fansho da lissafin garatuti. Garatuti ya ƙare a Mararaban Rido, fansho ya zo ran da ya ga dama. Abu ɗaya ne tak cikin tanadin tsufana bai taɓa makara ba ko shekara guda, shi ma da dunduniya na shuka shi, cikin fushi, masinja ne ya tsare mini shi daga awaki.